Toka ta daina hawa bene

Shekara 14 ke nan ina kwana cikin hayaniyar Toka. Da zarar rana ta faɗi sai ta farka, ta yi miƙa, ta yi hamma, daga nan sai ƙarar katako: ta dira nan, ta daki bangon keji da ƙafafun baya, ta juya a iska, ta sauka can. Duk baƙon da ya kwana a gidanmu sai ya yi tambaya da safe, wai mene ne yake ta buge-buge cikin dare. Ni kuwa kunnena ya saba har ba na ji. Shi ya sa da hayaniyar ta fara raguwa ban ankara ba. Sai da ta ɗauke kusan gaba ɗaya, wani dare na farka na ji gidan tsit, na kwanta ina ta laluben abin da ya ɓace.

Ga wanda bai taɓa ganin irinta ba, Toka cincila ce. A lissafin masana dangin ɓera ce, amma a ido ta fi kama da ɗan zomo mai faffaɗan kunne da jelar kurege, nauyinta rabin kilo da 'yan kai. Asalinsu tsaunukan Andes ne a Amurka ta Kudu, musamman ƙasar Chile, inda suke zaune a kogunan duwatsu, wuri mai sanyi da bushewa. Yawancin waɗanda ake kiwo a gidaje yau jikokin wasu guda 11 ne da wani injiniyan haƙar ma'adinai Ba'amurke, Mathias Chapman, ya kai Kalifoniya a 1923. Dabba ce da aka halitta don tsalle a kan dutse. Ƙafafun baya dogaye ne masu ƙarfi, na gaba kuwa 'yan gajeru, da su take riƙe abinci kamar mutum. Mai lafiya tana yin tsallen da ya kusa mita 2. Idan tsalle ya gagari cincila, ba ƙaramin abu ba ne ya gagare ta.

Kejinta ya kai tsayin ƙirjina, da katakai a kakkafe nan da can. Na can ƙoli shi muke kira bene. Tun tana 'yar wata huɗu ta mallake shi. A nan take barcin rana, daga nan take leƙo mu idan mun shigo, kuma ko 'yar'uwarta Hazo, da suka zauna tare shekara goma sha biyu, sai Toka ta ga dama take barin ta ta hau. Tsalle uku ne daga ƙasa zuwa bene, kafin ƙiftawar ido ta gama su.

Ni na fi kowa iya nema mata uzuri. Da ta fara kwana a katakon tsakiya, na ce kewa ce, tunda Hazo ba ta daɗe da mutuwa ba. Da kewar ta yi tsawo, na ce tsufa ne, wanda ba shi da magani. Uzurin da ya fi ba ni kunya yanzu shi ne na uku. Toka ba ta taɓa son a ɗauke ta ba. Ka kai hannu ta zille, ka matsa mata ta miƙe tsaye a kan ƙafafun baya ta watso maka fitsari, wanda shi ne makamin matansu idan ransu ya ɓaci, kuma ba sa kuskuren saiti. Sai ga shi bara ta fara zama shiru ina ɗaukarta. Na yi ta murna ina ba mutane labari, wai Toka ta girma ta yi hankali, bayan shekaru goma sha uku ta yarda da ni. Ashe gudun ne ya fi zaman ciwo.

Irin waɗannan dabbobin da ake farauta a daji ba sa nuna ciwo. Wadda ta yi ɗingishi a gaban dila ko mujiya ita ce abincin dare, don haka ɓoyewa ta zame musu jiki, ko a keji ba sa dainawa. Kare zai yi kuka, ya lashi wurin, ya zo ya kwanta a ƙafarka. Cincila sai dai ta rage abin da take yi, kaɗan-kaɗan, ta yadda mai ganinta kullum shi ne zai zo na ƙarshe wajen ganewa.

'Yata ce ta gane. Ta dawo hutu daga makaranta bayan wata huɗu ba ta ga Toka ba, ta zauna gaban kejin da almuru, ba a fi minti goma ba ta kira ni. "Umma, dubi yadda take yi kafin ta yi tsalle." Na tsuguna na duba. Toka ta tsaya a bakin katako, ta sunkuya, ta ɗago, ta sake sunkuyawa, ta ja baya, ta dawo, sau huɗu ko biyar, kamar mai shawara da zuciyarta. Da ta yi tsallen, ƙafafun gaba suka kama, na baya suka zame, sai da ta yi ta kartar katakon kafin ta haye. Tazarar ba ta fi kamu biyu ba.

Da idona ya buɗe sai na fara ganin abin da ya daɗe a gabana. Zamanta ya canza: da takan dunƙule ƙafafunta a ƙarƙashin ciki, yanzu ta dama tana ɗan fitowa gefe. Gashin da ke kan ƙugunta da gindin jela ya cukuikuye, domin ba ta iya lanƙwasawa ta gyara shi. Wilin da take gudu a ciki ya yi ƙura. Wajen wankan ƙura ma, wanda da idan ta shiga sai ta yi ta birgima har ɗakin ya turnuƙe, yanzu sai ta shiga ta ɗan tona da hannu, ta shafa fuska, ta yi juyi ɗaya da kyar ta fito.

Akwai wata alamar da sai wanda ya san dabbar zai gane, kuma a yi mini afuwa, maganar kashi ce, ba ƙashi ba, ko da yake a labarin Toka su biyun sun haɗu. Cincila, kamar zomo, tana fitar da kashi iri biyu. Akwai busasshe mai kama da ƙwaya, wanda take watsarwa ko'ina ba adadi. Akwai kuma mai laushi, wanda take lanƙwasawa ta karɓa da baki tun daga mafitarsa ta cinye, domin a cikinsa ne ake samun wasu sinadaran gina jiki da ƙwayoyin hanjinta suka sarrafa. Mai lafiya ba ka cika ganin wannan na biyun ba. Ni kuwa na yi watanni ina goge shi a kan katako, a murtsuke, ina cewa ko abincin ne bai karɓe ta ba. Bayan ne ya ƙi lanƙwasuwa.

Na ɗauko sikelin kicin na sa ta a cikin roba na auna. Giram 548. A tsohon littafina, awon ƙarshe da na yi mata giram 610 ne. Gashin cincila yana da yawan da ba a misaltawa, ramin gashi ɗaya yana fitar da sili fiye da 50, ga shi namu ɗaya tak yake fitarwa. Wannan gashin ya rufe ramar ruf. Sai da na shafa cinyoyinta da yatsa na ji naman ya zube.

Kafin mu je asibitin dabbobi na yi wani abu da nake ba kowa shawarar ya yi. Dare uku ina jingine waya a gaban kejin tana ɗaukar bidiyo. Dalili kuwa, a kan teburin likita Toka ba za ta nuna komai ba: ko ta daskare kamar dutse don tsoro, ko tsoron ya sa ta manta da ciwon ta yi tsallen da ba ta yi ba wata shida. Hakan kuwa aka yi. Likitar ta fi daɗewa a kan wayata fiye da kan Toka. Ta mayar da wurin sunkuye-sunkuyen nan baya sau uku. Sannan ba kowane likitan dabbobi ne ya saba da cincila ba. Na nemi wadda take duba ƙananan dabbobi irin su zomo da ɓerayen gida, ko da yake asibitinta ya fi nisa.

Na shiga da sunan ciwon a bakina. Na ce, "Likita, amosanin gaɓɓai ne ke damunta." Ta yi murmushi ta ce, "Malama, bari mu fara da abin da ba shi ba ne." Ta juya tafin ƙafafun Toka tana neman kumburi ko gyambo, domin cincilar da ta daɗe a kan daɓen waya ko katako mai tauri takan yi kanta, kantar ta tsage, ƙwayar cuta ta shiga, kuma tafiyar mai wannan ciwon ba ta da maraba da ta mai amosani. Ta bi ƙwaurinta da yatsa, don ƙashin wurin dogo ne siriri, shi ya fi saurin karyewa idan ƙafa ta maƙale a waya. Ta haska idanunta, saboda tsohuwar da yana ta fara rufe wa ido ita ma takan yi shakkar tsalle, ba don ciwo ba sai don ba ta ganin inda za ta sauka. Ta saurari zuciya. Ta danna mara ko akwai tsakuwa a mafitsara. Ta daɗe a baki, tana leƙa turamen haƙora da wata 'yar fitila, ta shafa ƙasan muƙamuƙi. Haƙoran cincila 20 ne kuma dukkansu ba sa daina tsiro har ta mutu, don haka duk wadda ta rame, haƙori ake fara tuhuma.

Tafin ƙafar hagu ya ɗan yi kanta, alamar ta jima tana jingina nauyinta a can. Ido ɗaya ya fara hazo kaɗan. Haƙora lafiya. Da likitar ta miƙar da ƙafar dama a hankali ta lanƙwasa gwiwar, Toka ta yi wani ɗan ƙara ta fizge.

Sai maganar hoton ƙashi, inda gabana ya faɗi, don sai an sa ta barci. Dabba mai rabin kilo, mai shekara 14. Likitar ba ta ɓoye mini cewa akwai haɗari ba. Ta ce iskar barci za a shaƙa mata na 'yan mintuna, kuma ba za a hana ta abinci tun dare ba kamar yadda ake yi wa kare, domin cincila ba ta amai, kuma hanjinta ba ya son zama babu komai. Na sa hannu a takarda. Na zauna a benci ina kallon agogon bango, minti ashirin da biyar da ban taɓa ganin masu tsawonsu ba. Aka fito da ita tana layi, ta farfaɗo ta fara gwaguyar ciyawa tun muna mota.

A hoton babu karaya. Likitar ta nuna mini gwiwar dama da bakin biro: gefen ƙashin ya yi gautsi-gautsi maimakon ya zama sumul, kuma a ƙasan gadon baya akwai 'yan ƙasusuwa biyu da wani tsiro ya fara haɗe su kamar gada. Ta yi mini bayani a sauƙaƙe. Kan kowane ƙashi a gaɓa akwai guringuntsi mai santsi da ke hana ƙashi gogar ƙashi. Shekaru da dirowa suna cinye shi. Idan ya yi siriri sai gaɓar ta kumbura, jiki ya shiga tsiro da ƙarin ƙashi a gefe-gefe don ya tallafe ta, ƙarin ƙashin ya sa gaɓar ta ƙage. Dabbar ta rage motsi don ciwo, naman cinya ya zube don rashin motsi, gaɓar ta rasa abin da ke riƙe ta, ciwon ya ƙaru. Guringuntsin da ya tafi kuwa ba ya dawowa.

Na ce, "To, amosanin ne ke nan." Ta ce, "Mai yiwuwa." Raina ya ɗan sosu, ban ɓoye ba. Na kasadar da ran dabbata an sa ta barci, sannan a ce mini mai yiwuwa? Ta ce hoto yana nuna ƙashi ne, ba ya nuna zafi. Akwai tsofaffin da hotonsu ya fi wannan muni suna ta tsalle, akwai masu hoto mai kyau da ba sa iya tashi. Gwiwar cincila ba ta fi ƙwayar tsakuwa ba, abin da ake iya gani a cikinta ƙalilan ne. Ta ce hanyar da ta rage ita ce a tambayi Toka da kanta: a ba ta maganin ciwo mako biyu, a ga abin da za ta yi. Idan ta koma yin abin da ta daina, to ciwo ne ya hana ta. A lokacin na ɗauka kame-kame ne. Yanzu na fi ganin girman likitar da ta ce mai yiwuwa a kan wanda zai buga ƙirji ya ba ni suna don in ji daɗi.

Maganin ruwa ne, meloksikam, wanda ke rage kumburi da zafi. Ba zan faɗi adadin da take sha ba, kuma da gangan ne. An lissafa shi ne a kan nauyinta da giram, kuma abin da ya dace da Toka zai iya yi wa wata illa. Irin wannan maganin yana wahalar da ƙoda da ciki, musamman ga tsohuwar da ba ta shan ruwa sosai, shi ya sa aka ɗebi jininta aka duba ƙodar kafin a fara, kuma za a riƙa dubawa. Likitar ta gargaɗe ni da abu biyu. Kada in kuskura in gutsura mata maganin ciwon jiki na mutane. Sannan in sa ido a kan ci da kashi: ranar da ta ƙi abinci, ko ƙwayoyin suka ƙanƙance suka ragu, in tsayar da maganin in kawo ta a ranar, ba gobe ba, domin hanjin cincila idan ya tsaya cik yana iya kashe ta cikin ɗan lokaci.

Ba da maganin kansa darasi ne. Ina naɗe ta a ƙaramin tawul, kai kawai a waje, hannuna ɗaya a ƙarƙashin gindinta don kada ƙafafun su yi lilo. Ba a damƙar cincila ta gashi, don sai ta saki gashin a hannunka ta gudu ta bar ka da danƙi, dabarar da take tsere wa maƙiyi da ita ke nan. Ba a matse ƙirjinta kuma, haƙarƙarinta sirara ne. Sirinji marar allura nake zurawa ta gefen baki, inda akwai giɓi a bayan haƙoran gaba, in ɗiga kaɗan-kaɗan. Kwanakin farko rabi a bakinta rabi a rigata. Yanzu da ta ga sirinjin sai ta riƙe shi da hannu biyu ta lashe, ashe yana da ɗan zaƙi.

Duk wanda na ba labarin, shawararsa ɗaya ce: a gasa mata wurin, a sa mata abin ɗumi. Haka ake yi wa mutum, haka ake yi wa tsohon kare. A cincila kuwa wannan shawarar kisa ce. Ba ta gumi, ga wannan gashin kamar bargo bakwai. Zafi idan ya haura digiri 26 ko 27 tana cikin haɗari, kunnuwan su yi ja, ta kwanta a gefe tana haki. Ɗakinta tsakanin digiri 16 da 21 nake riƙe shi, dare da rana. Iyakar abin da na yi shi ne na janye kejin daga saitin iskar na'urar sanyaya ɗaki, na kuma shimfiɗa ƙyalle mai laushi a cikin ɗan akwatin da take kwana. Ruwan ɗumi ma babu shi a lissafi. Ba a yi wa cincila wanka da ruwa, domin gashin ba ya bushewa da wuri, sai ya jawo mata ciwon fata.

Aikin da ya fi maganin cin lokaci shi ne gyaran keji, kuma a nan muka yi rigima da ita. Na fara da abin da na ga ya dace a idona: na cire bene da duk katakan sama, na mayar da komai ƙasa, shimfiɗa lafiyayya, ba abin da za ta faɗo daga kai. Na koma gefe ina yaba wa kaina. Toka ta zagaya sau biyu, ta ɗaga kai ta kalli inda benen yake, ta fara hawan wayar bangon kejin da haƙori da farce. Ta kai rabi ta faɗo. Ta sake. A daren ba ta ci ciyawar kirki ba, ta shige lungu ta juya mini baya. Dabbar da kakanninta suka rayu a kan dutse ba ta jin ta tsira sai tana sama tana kallon ƙasa. Ni na cire mata haɗari ɗaya na kawo mata wanda ya fi shi.

Washegari na mayar da bene, amma na sauke shi zuwa rabin tsayinsa na da. Na kafa mata gangara mai ƙyalle don ta riƙa takawa. Ko kallonta ba ta yi ba, sai ma ta riƙa tsallake ta, daga baya ta gwaguye gefenta. Toka ba ta san tafiyar gangara ba, tsalle ta sani. Abin da ya yi aiki shi ne matakala: katakai masu faɗi guda huɗu, tsakanin kowane biyu bai wuce santimita 12 ba, kowanne ya ɗan shiga ƙarƙashin na samansa, ta yadda ko ta zame, a kan na ƙasa za ta tsaya. Na lulluɓe su da ƙyalle mai laushi wanda ba ya fitar da zare, don zare idan ta haɗiye yana toshe hanji, kuma ina duba shi kullum ko ta fara ci. Na shimfiɗa irinsa ninki biyu a ƙasa. Kwalbar ruwa na sauko da ita yadda ba sai ta yi ɗage ba, na ƙara ta biyu a kusa da bene. Busasshiyar ciyawa, wadda ita ce ginshiƙin abincinta, na daina rataye ta, ina zuba ta a wuri biyu. Bahon ƙura mai zurfin nan na sauya shi da faranti mai gajeren baki. Gashin ƙugu kuwa ni nake tsefe mata da yatsa da ƙaramin mataji, idan fitsari ya taɓa shi in goge da ɗan ƙyalle mai danshi in busar sosai.

Wilin na yi ta jinkiri a kansa, a ƙarshe na cire, don gudu a ciki yana lanƙwasa baya. Amma likitar ta nanata cewa kada in mayar da ita 'yar zaman ɗaki. Gaɓar da ba ta motsi ƙagewa take yi. Kullum da dare ina buɗe mata ƙofa ta fito kan darduma na minti ashirin, ba kan daɓe mai santsi ba, na kuma kawar da kujerar da takan so ta haye. Wata ƙawata ta kawo mini wani garin ƙarfafa gaɓɓai da take ba karenta. Na nuna wa likita, ta karanta bayan robar, ta ce babu wata ƙwaƙƙwarar hujja cewa yana amfanar cincila, ga kuma sukari a ciki, wanda ba ya yi musu kyau. Na mayar wa ƙawata da godiya.

Kwana huɗu na farko ban ga komai ba, har na fara cewa an yi wahalar banza. A dare na shida ina wanke kwanuka na ji ƙarar da na sani, ƙus-ƙus-ƙus, faranti yana gogar ƙasa. Na leƙo, ga ƙura ta tashi, Toka tana birgima. Juyi uku na ƙirga. A kwana na tara babu murtsukakken kashi a kan katako. A na goma sha ɗaya na kai hannu zan ɗauke ta don magani, ta zille, ta shige lungu, ta miƙe tsaye a kan ƙafafun nan biyu ta watso mini fitsari a hannun riga. Na tsaya ina dariya ni kaɗai, ido cike da hawaye, na kira 'yata a waya da tsakar dare ina gaya mata. Ta ce, "Umma, lafiyarki kuwa?"

Da muka koma, likitar ta ce amsar Toka ke nan, amma har yau a katinta an rubuta ana zaton amosani ne. Ba ta warke ba. Tsallen bango ya tafi, ƙafar dama har yanzu tana fitowa gefe idan ta zauna, wasu ranakun kuma sai ta yini a ƙasa ko matakalar farko ba ta taka ba. Nauyinta ya koma 571 ya tsaya a nan. Ina auna ta duk ranar Lahadi a lokaci ɗaya. A jikin kalandar da ke kusa da kejin ina sa alama kowane dare, da'ira idan ta ci ta yi wanka ta hau bene, gicciye idan ba ta yi ba. Likitar ce ta ba ni wannan dabarar, ta ce akwai wani maganin da za a iya ƙarawa idan wannan ya gaza, kuma idan wata rana gicciye ya rinjayi da'ira, za mu zauna mu yi wata maganar. Na san maganar da take nufi. Cincilar gida takan yi shekara 10 zuwa 20, an kuma taɓa samun wani mai suna Radar da ya mutu a Kalifoniya a 2014 yana da shekara 29. Ba na sa wa Toka wannan burin. A watan jiya da'ira 24 ce, gicciye 6.

Jiya da almuru na zauna a ƙasa ina kallonta. Ta fito daga akwati, ta miƙe ƙafar dama a hankali kamar mai gwada ta, ta ɗauki sili ɗaya na ciyawa ta cinye shi tun daga kai har gindi. Ta hau matakalar farko ta tsaya. Ta biyu, ta uku. A ta huɗu ta yi sunkuyen nan nata sau ɗaya, hannuna ya tashi da kansa zai tallafe ta, na mayar da shi kan cinyata. Ta haye. Ta juya a kan benen, ta gyara zama, ta leƙo ni daga sama, ta fara gwaguyar ƙyallen da na kwana ina ɗinka mata.